Wankin Ciki, A Kwana A Gida: Ketamin Ko Farar Allura?

Ba kowace tiyata ce ake yanka ciki ba. Akwai aikin da ake yi wa mata wanda ba ya wuce minti goma zuwa ashirin, a shiga da mace da hantsi, kafin la'asar a sallame ta. Mafi yawansa wankin ciki ne bayan ɓari, idan cikin ya zube amma bai fita duka ba. Sauran sun haɗa da ɗebo ɗan nama daga cikin mahaifa don a kai gwaji, da cire tsiro a bakin mahaifa, da fasa maruru a gaban mace, da zaro robar tazarar haihuwa da ta maƙale. Matan Paki da Auchan da Saulawa kan nufi Ikara da irin wannan lalura, na Gimi da Gazara da Gubuchi su nufi Makarfi, na Likoro da Kauran Wali su nufi Hunkuyi, hedikwatar Kudan. Wadda abin ya yi tsanani a tura ta Zariya, ko asibitin Gambo Sawaba a Ƙofan Gayan, ko asibitin koyarwa na Shika.

Gajartar aikin ta sa dangi kan raina shi. "Ai ɗan wanki ne kawai za a yi mata." Wanda ke tsaye a kan matar riƙe da sirinji kuwa bai raina shi ba, domin duk allurar da za ta gusar da hankalin mutum sai ta taɓa zuciyarsa da jijiyoyin jininsa, wata ta ɗaga, wata ta sauke. A nan ma'aikatan tiyata suka rabu. Wasu suka ce a tsaya a kan ketamin da aka saba, a haɗa ta da dayazafam. Wasu suka ce lokaci ya yi da za a koma ga furofofol, farar allurar nan mai kama da madara, a haɗa ta da mai kashe zafi. Kowane ɓangare yana da hujjar da ba ta wasa ba.

Matar da allurar ke tararwa

Manomin rani a fadamun Kudan ya san abu uku ne ke kai ruwa ga tumatir: injin, da tiyo, da ruwan da ke cikin rijiya. Haka jini yake. Zuciya ce injin, jijiyoyi ne tiyo, sai dai su suna tsukewa suna saki da kansu. Idan jini ya ragu, jiki kan tsuke jijiyoyi ya ƙara wa zuciya gudu, don kada ƙwaƙwalwa da ƙoda su rasa rabonsu. Da wannan dabara matashiyar mace za ta zubar da jini kusan lita guda, a ɗaura mata abin awo a dantse a ga 110 bisa 70, a ce lafiya lau. Bugun zuciyarta ne ke tona asiri: 120 a minti, tafin hannu sanyi ƙalau, ƙasan ido fari fat. Ƙwararrun ungozoma suna da wata ƙa'ida mai sauƙi, cewa idan lissafin bugun zuciya ya kamo lambar sama ta awon jini ko ya wuce ta, matar tana bakin gaɓa.

Irin wannan matar ba baƙuwa ba ce a ƙasar nan. Ta yi kwana biyu tana canza tsumma a ɗaki, tana jin nauyin faɗa wa uwar miji, ana jiran maigida ya dawo daga kasuwar rake ya ba da izini. Sannan aka ɗora ta a babur, wata 'yar'uwa ta tallafe ta ta baya. Tun kafin ɓarin ma jininta bai cika ba. Binciken lafiyar al'umma na ƙasa na shekarar 2018 ya nuna kashi 58 cikin 100 na matan Najeriya masu shekara 15 zuwa 49 suna fama da ƙarancin jini. Duk muhawarar da za a yi kan allura, a kan jikin wannan matar ake yin ta.

Masu ketamin suka ce

Hujjarsu ta farko ita ce jini. Ketamin tana zaburar da sassan jikin da ke tsuke jijiyoyi da hanzarta zuciya, saboda haka da ta shiga, awon jini da bugun zuciya kan ɗan hau na wasu mintuna maimakon su faɗi. Wato tana taimaka wa dabarar da jikin matar ya riga ya kama don ya rayu. Ta biyu numfashi ne. Yawanci wadda aka yi wa ketamin a hankali takan ci gaba da numfashi da kanta, maƙogwaronta bai saki ba. Ta uku, tana kashe zafi sosai, ba barci kawai take sa wa ba. Ana iya yin ta a jijiya, ana iya yin ta a tsoka idan jijiya ta ɓuya. Ba ta neman firji, kwalba ɗaya takan ishi mutum fiye da ɗaya, kuɗinta bai taka kara ya karya ba.

Suna kuma da tarihi a bayansu. Wani masanin haɗa magunguna mai suna Calvin Stevens ne ya fara haɗa ta a 1962 don kamfanin Parke-Davis na Amurka, aka amince da ita a can a 1970, aka yi ta amfani da ita a kan sojojin da suka jikkata a yaƙin Biyetnam, mutanen da suka zubar da jini nesa da asibiti. Tana cikin jerin magungunan da Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce bai kamata a rasa su ba. Da ƙasar Sin ta nemi hukumar Majalisar Ɗinkin Duniya mai kula da miyagun ƙwayoyi ta sa mata takunkumi saboda masu shaye-shaye, likitocin duniya suka tashi tsaye, suka ce hakan daidai yake da rufe ɗakunan tiyatar karkarar Afirka, kuma a zaman 2015 aka jingine maganar.

Amma hujjar da suka fi riƙewa ita ce ta hannu. Ƙungiyar likitocin barci ta duniya ta ba da shawarar a samu aƙalla likitan barci 5 ga kowane mutum 100,000. A ƙidayar da ta fitar a 2017 Najeriya ba ta kai ko ɗaya ba, kuma 'yan kaɗan ɗin da ake da su suna manyan birane da asibitocin koyarwa. A karkara nas ce da ta samu horo ke ɗaukar wannan nauyi, wani lokacin ma likitan da zai yi aikin shi ne zai yi allurar ya zagayo ya sa safar hannu. Tsohon ma'aikacin da ya shekara yana wannan aiki zai ce maka: "Ranka ya daɗe, ni maganin da zai yafe mini nake so. Idan wuta ta ɗauke, tukunyar oksijin ta ƙare, ketamin ba za ta kashe mini mara lafiya ba."

Masu farar allura suka amsa

Suka ce a dubi yadda matar ke kwance tukuna. Ido buɗe, ƙwayar idon tana rawa gefe da gefe, yawu na dalala, hannu na motsi shi kaɗai. Sannan a jira farfaɗowa. Da yawa sukan ga abubuwan firgici, su yi ta sambatu, wata ta yi kuka, wata ta yi ta kiran sunan wanda ya rasu, wata ta faɗi abin da ba za ta taɓa faɗa a gaban surukarta ba. Wannan ya fi faruwa ga manya fiye da yara, kuma mata suna cikin waɗanda abin ya fi kamawa. Dangin da ke bakin ƙofa sukan ɗauka iskoki ne suka shige ta, a fara tofi. Don a danne wannan ne ake haɗawa da dayazafam, shi kuwa yakan kwana ya wuni a jiki, har ma ya fi haka. Ga tashin zuciya da amai. Suka ce ina amfanin cewa aikin na yini guda ne, alhali matar da za a ɗora a babur zuwa Gubuchi ba ta iya tsayar da wuyanta?

Furofofol akasin haka take. Wani likitan dabbobi ne, John Glen, ya gano ta a kamfanin ICI na Ingila, ta shiga kasuwa a 1986 da sunan Diprivan. Cikin ƙasa da minti guda mutum ya yi barci, bayan minti biyar zuwa goma ya buɗe ido garau kamar wanda aka tasa daga ƙailula. Tana ma rage tashin zuciya. Tana cikin abubuwan da suka sa tiyatar yini guda ta bunƙasa a duniya. Da yake ba ta kashe zafi, sai a haɗa ta da fentanil kaɗan, ko wani mai kama da shi.

Sai suka juya hujjar jini a kan masu ketamin. Ba kowace mace ce jininta ke ƙasa ba. Kusan uku cikin goma na manyan Najeriya suna da hawan jini, da yawansu ba su sani ba. Matar da ta haura arba'in da aka kawo don ɗebo naman gwaji saboda jinin al'ada ya ƙi tsayawa, tana iya hawa tebur da 170 bisa 100. A ƙara mata ketamin, a ƙara atirofin don busar da yawu, wanda shi ma yana hanzarta zuciya, sannan bayan wanki a bi da agometirin don mahaifa ta tsuke, allurar da aka san tana ɗaga jini har aka hana yin ta ga mai hawan jini. Abu uku ke nan a jere, duk suna tura jini sama. Jijiyar ƙwaƙwalwa ba ta da alƙawarin jure wannan.

Suka kuma tuna mana wani abu namu na gida. A shekarun 1970 likitoci Davidson da Parry sun yi nazari a Zariya kan matan da zuciyarsu ke gazawa bayan haihuwa, har sunan Zariya ya shiga littattafan likitanci na duniya saboda yawan cutar, suka kuma danganta ta da kunun kanwa da wankan jego da kwanciya a gadon ƙasa mai zafi. Mai jegon da aka kawo don a cire ragowar mabiyiya, ƙafa a kumbure, tana haki idan ta kwanta, zuciyarta ba ta buƙatar abin da zai tilasta mata gudu.

Masu ketamin suka dawo

Suka ce duk an ji, amma a faɗi gaskiyar abin da farar allura ke yi wa jini. Tana sassauta jijiyoyi, tana rage ƙarfin matsawar zuciya, sannan tana dushe wannan faɗakarwa da ke sa zuciya ta ƙara gudu idan jini ya faɗi. A jikin lafiyayyiyar mace wannan ɗan sauka ne da zai wuce. A jikin wadda ta kwana biyu tana zubar da jini, an tsinke igiyar da take rataye da ita ke nan, 110 ya koma 60 kafin likita ya gama sa ƙarfen buɗa gaba. Idan aka haɗa da fentanil, shi yana rage gudun zuciya, kuma su biyun tare suna iya tsayar da numfashi ɗungurungum. Ƙari a kan haka, taɓa bakin mahaifa shi kansa yakan sa zuciyar wasu mata ta yi sanyi farat ɗaya. Idan kuma aka tura oksitosin da sauri a jijiya don tsayar da jini, shi ma sauke awon jini yake yi. To ga su nan a jere su ma, duk suna ja ƙasa.

Mai yin furofofol dole ya iya buɗe hanyar numfashi, ya iya matsa jakar iska, ya kasance ba shi da wani aiki sai kallon matar. Dole oksijin, dole na'urar auna oksijin da ake maƙalawa a yatsa, dole allurar ɗaga jini a kusa. Mawaƙin nan Michael Jackson da ya mutu a 2009, furofofol aka ba shi a gida babu cikakken sa ido, kuma a Amurka ne. Ga kuma hali irin na maganin kansa: da man waken soya da sinadarin ƙwai ake haɗa shi, ƙwayoyin cuta na son sa, idan an fasa kwalba mutum ɗaya ake yi wa, ragowar a zubar cikin 'yan awoyi. An so a ajiye shi inda zafi bai wuce digiri 25 ba, alhali a watan Maris da Afrilu ɗakin ajiyar magani a ƙasar Zazzau ya wuce nan nesa. Wanda ya san tsadar magani ya san jarabar da ke cikin ajiye rabin kwalba don mara lafiya ta gaba.

Mai jegon Zariya ma, suka ce, ba hujjar ɓangare ɗaya ba ce. Zuciyar da ta gaza ba ta son a zabure ta, haka ma ba ta son a danne ta. Wannan matar ba ta tiyatar yini guda ba ce sam, ta Shika ce.

A nan adalci ya sa a faɗi abin da masu ketamin ba su cika son faɗa ba. Yafiyarta tana da iyaka. Idan aka tura ta da sauri, ko aka yawaita dayazafam, ita ma tana tsayar da numfashi. Yawun da take tarawa yana iya sa maƙogwaro ya shaƙe. Matar da ta ci tuwo awa biyu da suka wuce tana iya amai ya koma mata huhu. Kuma wadda ta galabaita matuƙa, jikinta ya ƙarar da duk abin zaburarwa, ketamin na iya sauke mata jini ita ma. Haɗarinta mafi girma shi ne sakankancewar da take sa wa ma'aikaci, ya juya baya yana rubutu saboda ya saba ba ta ba shi kunya.

To a gauraya su mana

Daga wannan ja-in-ja ne wata dabara ta fito, wadda likitoci ke kira ketofol: a haɗa ketamin da furofofol, wani lokaci a sirinji guda, kowanne a rage yawansa. Ɗaya na ɗagawa, ɗaya na saukewa, sai awon jini ya tsaya kusa da inda yake. Ketamin ta kawo kashe zafi, furofofol ta rage amai da sambatu. Gwaje-gwaje da dama a kan gajerun ayyuka, har da na mata, sun nuna awon jini ya fi zama daram da wannan haɗi fiye da haɗin furofofol da fentanil. Wani babban gwaji da aka yi a Ostireliya aka wallafa a 2016, kan mutum kusan 600 a ɗakunan agajin gaggawa, ya samu faɗuwar jini ta fi yawa ga waɗanda aka yi wa furofofol ita kaɗai.

Masu shakka suka ce a karanta sauran shafin. Wannan gwajin, da wani da aka yi a Kanada aka wallafa a 2012 kan mutum 284, ba su samu wani bambanci na a zo a gani ba wajen matsalar numfashi tsakanin haɗin da furofofol zalla. Wato duk kayan aiki da ƙwarewar da farar allura ke nema, haɗin ma yana nema. Sannan magungunan biyu ba tare suke ƙarewa a jiki ba, furofofol kan riga ficewa ta bar ketamin, idan aka yi ta ƙari sai farfaɗowa ta ja lokaci. Babu kuma ma'auni ɗaya da kowa ya yarda da shi, wani ya yi rabi da rabi, wani kashi ɗaya cikin huɗu. Ma'aikaci ɗaya mai gajiya, sirinji ɗaya mai magani biyu, kuskuren lissafi bai yi nisa ba.

Wata murya daga gefe

Akwai waɗanda ke ganin duka ɓangarorin sun tsallake tambayar farko: dole ne a sa ta barci? Yawancinsu ungozoma ne da likitocin mata. Hukumar Lafiya ta Duniya, a ƙa'idojinta na 2022, ba ta goyi bayan a mayar da allurar barci al'ada ba wajen wankin ciki da sirinjin zuƙa. Abin da ta fi so shi ne a ba da ƙwayar rage zafi irin su ibufurofen kafin a fara, a yi allurar lidoken a gefen bakin mahaifa don wurin ya mutu, a kuma samu mai tsayawa kusa da matar tana yi mata magana. Ta kuma ce a bar kankare mahaifa da ƙarfe irin na da. Ɓarin da bai wuce wata uku ba, idan matar ba ta galabaita ba, sau da yawa ƙwayar misofurostol ma ta isa, ba sai an shiga tiyata ba. Matar da ke farke tana numfashinta, jijiyoyinta na riƙe da ƙarfinsu, ita da kanta za ta ce "Malama, jiri nake ji," kuma babu na'urar da ta kai wannan saurin faɗakarwa. Bayan awa ɗaya ko biyu ta sha kunu ta tafi.

Amsar da ake ba su ita ma tana da nauyi. Allurar bakin mahaifa tana rage zafi, ba ta ɗauke shi duka, murɗawar mahaifa tana nan. Idan lidoken ya kuskure ya shiga jijiya, kunne kan yi ƙara, leɓe ya mutu, har a kai ga jijjiga. Yarinya 'yar shekara goma sha bakwai da ta yi ɓarin cikin fari, jikinta na kyarma, ba kowace ce za ta iya kwantawa a taɓa ta ido biyu ba. Maruru ma ba ya jin wannan allura sosai. Abin da ya fi damuna shi ne yadda "a yi mata a farke" ke iya rikiɗewa ya zama a yi mata ba komai, babu lidoken babu ƙwaya, sai "daure mana, ke ba mace ba ce?" Matanmu an tarbiyyantar da su a kan dauriya da kunya, ba za ta yi ihu ba, za ta cije gefen zane hawaye na bin kunnenta. Shirunta ba shaidar rashin zafi ba ne. Wadda aka yi wa haka ba za ta dawo ba, kuma za ta hana ƙanwarta zuwa, su koma kemis da saƙe-saƙi har jini ya ƙare.

Idan aka tankaɗe

Abu na farko da ya kamata a lura da shi: galibin gwaje-gwajen da ake kafa hujja da su a kan haɗin magunguna an yi su ne a kan lafiyayyun mutane da aka shirya, a asibitocin da ke da komai, kuma akan cire wanda ya galabaita tun kafin a fara. Bambancin lamba goma a awon jinin lafiyayyiyar mace ba ya canza komai a rayuwarta. Wadda bambancin zai kashe ko ya raya ita ce wadda ba a cika sa wa a gwajin ba. Saboda haka sakamakon yana nuna mana alkibla ne, wane magani ke ja sama wane ke ja ƙasa, ba ya yanke wa ma'aikacin Ikara hukunci.

Na biyu, babban nazarin da aka yi kan tiyata a ƙasashen Afirka 25, aka wallafa a 2018, mai mutum sama da 11,000, ya gano majinyatanmu sun fi na sauran duniya ƙuruciya da ƙarancin cututtuka, amma haɗarin mutuwarsu bayan tiyata ya ninka. Kuma mafi yawan mace-macen ba a kan tebur suka faru ba, a kwanakin da suka biyo baya ne, lokacin da babu mai lura da cewa jiki na lalacewa. Wannan ya shafi tiyatar yini guda kai tsaye, domin ita sallama ce ginshiƙinta. Matar da ta farfaɗo garau da farar allura tana iya ruɗar ma'aikaci ya sallame ta da wuri alhali jini na ci gaba da zuba. Wadda ketamin ta riƙe wa awon jini tana iya faɗuwa bayan maganin ya sake ta, a kan benci ko a kan hanya. Ƙarin ruwa kafin allura, gwajin yawan jini, tsayar da ita a ga ko jiri zai ɗebe ta, duba ƙunzugu kafin a ce ta tafi, da tabbatar da cewa akwai babba da zai kwana da ita kuma ba za ta hura wuta ko ta je rijiya a ranar ba, waɗannan ba su da ɓangare a muhawarar, kuma sun fi zaɓin kwalba tasiri.

Ga inda ni na karkata. Mafi yawan matan da ke zuwa wankin ciki da ƙafarsu, a ganina, ba sa buƙatar barci, suna buƙatar a kashe musu zafi da gaske, a yi musu magana da mutunci, kuma a tambaye su abin da suka fi so. Wadda ta zubar da jini, bugun zuciyarta ya kamo awon jininta, a fara da ruwa da neman jini, idan barci ya zama dole hujjar masu ketamin ta fi ƙarfi, ban ga abin da zai kai furofofol da fentanil jikinta ba. Mai hawan jini kuwa masu farar allura sun yi gaskiya a kanta, ketamin zalla ba tata ba ce, balle a bi ta da agometirin. Kowace allura aka zaɓa, sharaɗin ɗaya ne: mutum guda wanda aikinsa kallon matar kawai, da na'urar yatsa a kunne. Ƙungiyar Lifebox, da aka kafa a 2011, ta rarraba irin wannan na'ura mai aiki da batir a ƙasashe da dama, ba kayan da ya fi ƙarfin babban asibitin ƙaramar hukuma ba ne.

Inda maganar ta rage a buɗe shi ne tsakiya: lafiyayyiyar matar da ba za ta iya jure aikin a farke ba, wadda kuma take son ta kwana a ɗakinta. Mai cewa a ba ta ketofol yana da hujjar jini da ta saurin farfaɗowa. Mai cewa a bar ma'aikaci da ketamin ɗin da hannunsa ya saba da ita, a rage yawanta, a sassauta dayazafam, yana da hujjar cewa sabon magani a hannun da bai goge da shi ba ya fi tsohon haɗari. Abin da zai raba wannan gardama yana cikin rijistar ɗakunan tiyatar Ikara da Makarfi da Hunkuyi, idan aka riƙa rubuta awon jini da bugun zuciya kafin allura, da bayan minti biyar, da lokacin sallama, da maganin da aka yi, da wadda ta kwana ba da niyya ba, da wadda aka dawo da ita cikin dare. Makarfi gari ne da ya daɗe yana yaye ma'aikatan lafiya a makarantar Shehu Idris, Shika kuma ba nisa, masu iya tattara wannan lissafi na shekara guda su zauna su duba shi suna nan kusa.